Daga Birmingham zuwa Kurɗuba a mota: fasfo shida da ƙetare teku sau biyu

Maigidan ɗan Kano ne, ma'aikacin lafiya, ya haura shekara ashirin a Birmingham. Ya daɗe yana cewa wata rana sai ya kai iyalinsa Andalus, kuma a mota yake so, ba a jirgin sama ba. Tun yana ɗaukar karatu a zaure yake jin malaminsu na faɗin cewa Alfazazi mai Ishiriniya a Kurɗuba aka haife shi, Ibn Malik mai Alfiyya kuma mutumin Jayyan ne, garin da taswirar Sifaniya ke rubutawa Jaén. Yana son ya ga ƙasar da idonsa, ya kuma ga abin da ke tsakaninta da inda yake zaune. Ni maƙwabcinsa ne. Ni na riƙe biro da takarda a zaman da muka yi ta yi daga watan Janairun 2025 har zuwa tashinsu a ƙarshen Yuli. Ban bi su ba, abin da ya faru a hanya daga bakinsa da na uwargidansa na ji.

Mutum shida ne a tafiyar: shi, uwargida, yara uku masu shekara 13 da 9 da 5, sai Hajiya, mahaifiyar uwargida, wadda za ta zo hutu daga Kano. Motar mai kujera bakwai ce, tana shan dizal, an ɗora mata akwatin kaya a sama.

A zamanmu na farko taswira ya shimfiɗa, yana bin hanya da yatsa daga Calais har Granada, kusan kilomita 2,000. Muka kwashe dare muna gardamar inda za a kwana. Sai a zama na biyu uwargida ta kawo fasfo ta zube a kan taswirar, ta ce a fara da waɗannan. Ita ce ta yi daidai, don duk abin da muka tsara a daren farko sai da muka warware shi.

Fasfo huɗu na Birtaniya ne, nasa da na yara. Waɗannan ba sa buƙatar biza, suna da kwana 90 a cikin kowane kwana 180 a ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shiga dukkansu, har da Faransa da Sifaniya. Amma tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai akwai sharaɗi biyu da ke kayar da mutane a bakin jirgi: kada fasfon ya kai shekara goma da bayarwa a ranar shiga, kuma ya zama da sauran wata uku a kalla bayan ranar da za a fito. Fasfon yara shekara biyar yake yi. Na babbar 'yar zai ƙare a watan Oktoba, wato bai cika wata ukun ba. Aka sabunta shi a Fabrairu, wannan bai ba da wahala ba.

Uwargida fasfon Najeriya gare ta, da izinin zama a Birtaniya. A da, auren ɗan Birtaniya kan sauƙaƙa wa mace bizar Turai, ba ta ma biyan kuɗi. Wannan ya wuce. Yanzu layi ɗaya take bi da kowa: Yuro 90 kuɗin biza, inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, shaidar masauki na kowane dare, shaidar shiga da ta fita. Ga kuma katin izinin zamanta da ya daina aiki a ƙarshen 2024 kamar na kowa, aka koma na intanet, don haka sai da ta tabbatar sabon fasfonta ne ke haɗe da asusunta na shige da fice, in ba haka ba a dawowa za a sha tambaya.

Wace ƙasa za a nema? Dokar Shengen ta ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, ba wadda za ka fara takawa ba. Sai in kwanakin sun zo daidai ne ake komawa ga ƙasar shiga. Lissafinmu ya ba da kwana biyu a Faransa, goma sha biyu a Sifaniya, saboda haka Sifaniya ce. Wani a masallaci ya ba shi shawarar ya nemi duk ƙasar da ya samu gurbin ganawa da wuri, ya rubuta masaukin ƙarya, tunda bizar ɗaya ce. Maigidan ya so ya karkata. Na ce masa mutumin da zai tsaya gaban ɗan sandan Faransa da surukarsa a bayan mota, gara takardar da ke hannunsa ta yi daidai da abin da bakinsa zai faɗa.

Na Hajiya shi ne babban aiki, kuma shi ya juya tafiyar gaba ɗaya. Mun zaci in ta iso Birmingham sai a kai ta ta nema tare da 'yarta. Ashe ba haka ba ne: mutum a ƙasar da yake zaune yake nema, mai bizar ziyara a Ingila kuwa baƙo ne. Dole ta nema daga Najeriya. Kuma biza biyu take buƙata da fasfo ɗaya. Ta Birtaniya ba a fara nemanta sai saura wata uku a yi tafiya, kuma ita ya kamata a fara samu, don masu ba da ta Shengen za su so su ga cewa ƙasar da za ta koma daga Sifaniya za ta karɓe ta. Ita ta Shengen ana iya nemanta tun saura wata shida, a ƙa'ida kwana 15 take ɗauka, amma tana iya kaiwa 45. Ka ga wata shidan bai amfane mu da komai ba. Abin da ya rage mana shi ne daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, biza biyu a jere, ga Babbar Sallah ta faɗo a farkon Yuni a tsakiya.

Sai kuma wani ƙulli. Mai neman biza kan nuna tikitin jirgin sama. Su ba su da shi. Abin da zai tsaya a madadinsa shi ne tikitin jirgin ruwa mai ɗauke da sunan kowane fasinja da lambar motar, tare da wasiƙar da ta bayyana hanya dare bayan dare. Wato sai an sayi tikitin teku kafin a san ko za a samu bizar. A nan ne maganar ƙetare teku ta tashi daga zaɓin nishaɗi ta zama ginshiƙin shirin.

Mashigai uku muka auna. Akwai jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku daga Folkestone zuwa Calais, ramin da aka buɗe a 1994, minti 35, kana zaune a motarka. Akwai jirgin fito daga Dover zuwa Calais, kamar awa ɗaya da rabi, kamfanoni uku ke yinsa, P&O da DFDS da Irish Ferries, kusan kowace awa akwai mai tashi. Sai dogon zango na Brittany Ferries daga Portsmouth ko Plymouth zuwa Santander, ko Portsmouth zuwa Bilbao, wanda ke tsallake Faransa ɗungurungum ta Tekun Biskay. Daga Portsmouth ya fi kwana guda a ruwa, wasu jiragen dare biyu suke yi, kuma 'yan tashi kaɗan ne a mako.

Da ya ga kuɗin dogon zangon sai ya ture takardar. Na ce ya dakata mu lissafa abin da jirgin ke ɗauke masa. Daga Calais zuwa iyakar Sifaniya a Irun kusan kilomita 1,100 ne. Motarsa da kaya da akwatin sama tana shan wajen lita 7 zuwa 8 a kilomita ɗari, wato lita tamanin da 'yan kai. Kuɗin titi a Faransa a wannan hanya wajen Yuro 100 ne. Kwana biyu a masauki, kuma ɗaki biyu kowane dare, don ƙananan otal na bakin hanya a Faransa yawanci mutum uku ɗaki ke ɗauka, ballantana ma suruki ba ya kwana ɗaki ɗaya da surukarsa ko da ɗakin zai ɗauki goma. Ga abincin mutum shida, ga kuɗin jirgin Dover. Da aka tara, dogon zangon ya fi tsada har yanzu, amma ratar ba ta kai yadda ido ya fara gani ba.

Maganar surukuta ta sake tasowa a jirgin. A dogon zango dole a kama ɗakin kwana ko kujera, ɗakunan kuma mafi yawa gado huɗu ne. Mutum shida, ɗaki biyu: Hajiya da 'yarta da 'yan mata biyu a ɗaya, maigida da ɗansa a ɗaya. Ɗakunan bazara kuwa su ke fara ƙarewa, tun kafin gurbin motoci. Wannan ya sa tikitin Santander shi ne abu na farko da aka biya a duk tafiyar, tun a Fabrairu, kuma aka ƙara kuɗi aka ɗauki wanda ake iya sauya masa rana ko a fasa. An rubuta tsayin motar har da akwatin sama, don da tsayin ake yanke kuɗi, da shi kuma ake tsara inda za a jera ta a cikin jirgi.

Mun saɓa a kan wanne za a fara. Ni na so su tafi ta Santander: bizar Sifaniya, shiga ta Sifaniya, babu mai dogon bayani. Shi ya ce a tafiya yana da ƙarfi da zumuɗi, zai iya cinye Faransa a tuƙi, amma a dawowa bayan mako biyu a zafin Andalus ba ya son kilomita dubu biyu na jiransa, shi kaɗai ne kuma direba. Doka ba ta hana mai bizar Sifaniya shiga ta Faransa ba in dai Sifaniya ce inda zai fi zama. Nasa aka bi. Har yanzu ina ganin tawa ta fi kwanciyar hankali a takarda, amma ba ni zan riƙe sitiyari ba.

Tsakanin rami da jirgin Dover bai ja lokaci ba. Jirgin ya fi araha a ranakun da muka duba, direba zai miƙe ƙafa ya sha shayi, akwai ban-ɗaki da wurin alwala, yara za su ga farin dutsen Dover yana nisa. An dai rubuta a tikiti cewa akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa, don a ajiye motar kusa da na'urar hawa bene.

Bizar uwargida ta fito a Mayu, mai shiga da fita sau da yawa. Ta Hajiya ta fito a farkon Yuli, kwana goma kafin jirginta ya tashi daga Kano. Shiga ɗaya, kwana 15.

Waɗannan kalmomi biyu sun kashe abu ɗaya, sun kuma girgiza wani. Maigidan yana da burin da bai sa a takarda ba: daga Granada su gangara Tarifa, su bar motar, su hau jirgin awa ɗaya zuwa Tanja su yini a Maroko. Mai shiga ɗaya in ya fita daga Shengen bizarsa ta ƙone, ba ya dawowa. Ga shi mai fasfon Najeriya ma sai da bizar Maroko. Tanja ta fita daga lissafi.

Kwana 15 kuwa shi ne daidai abin da muka rubuta a wasiƙa, dare goma sha huɗu, da ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirgawa. Babu rarar ko yini ɗaya. In mota ta lalace a hanyar Santander, ko iska ta hana jirgi tashi, washegari Hajiya ta zama wadda ta wuce wa'adi, abin da zai bi ta a duk bizar da za ta sake nema. Samun wani jirgin mai ɗaki biyu a tsakiyar Agusta ba abin dogaro ba ne, komawa Calais daga Santander kuma wajen kilomita 1,300 ne. Kuskurenmu ne: da mun nemi kwanaki da 'yar rara tun a wasiƙa. Gyaran da ya rage shi ne a rage tafiyar da dare ɗaya. Ba a taɓa jirgin Santander ba, ba a taɓa tikitin Alhambra, tsohuwar fadar Musulmi da ke Granada, ba, wanda shi ma da suna da lambar fasfo da sa'ar shiga fadar sarakunan Banu Nasr ake sayar da shi, kuma yakan ƙare makonni kafin ranar. Jirgin Dover aka matsar daga Talata zuwa Laraba, aikin minti biyar, aka cire dare ɗaya daga Toledo. Yini ɗayan da aka samu ya isa a gwada jirgin Bilbao, ko in ta ƙure a sa Hajiya da 'yarta a jirgin sama.

Zaɓen tsakiyar mako ma ba haka kawai ba ne. Makarantun Ingila kan tashi wajen ƙarshen Yuli, kuma a irin wannan ƙarshen mako ne a 2022 mutane suka shafe sa'o'i a layi a Dover. A Faransa hukumar hasashen cunkoso, Bison Futé, kan shafa wa Asabar ta farkon Agusta baƙin launi kusan kowace shekara, ranar da masu hutun Yuli ke komawa, masu na Agusta ke fita. Titin Bordeaux zuwa Irun zuwa Madrid kuma shi ne hanyar miliyoyin 'yan Maroko mazauna Turai da ke tafiya gida ta Algeciras tsakanin tsakiyar Yuni da tsakiyar Satumba. Muka tsara su ƙetare Irun da safiyar Juma'a, Asabar ta same su can cikin Sifaniya.

Shirin motar bai ba da ciwon kai ba, illa yawan ƙananan abubuwa. Takardar mallakar mota ta asali, ba hoto ba. Takardar inshora, tunda an daina neman koren kati daga motocin Birtaniya tun Agustan 2021. Lasin tuƙinsa na Birtaniya ya wadatar a ƙasashen biyu. Tambarin UK a bayan mota, wanda ya maye gurbin GB a Satumban 2021, kuma Sifaniya tana son a manna shi ko da lambar motar na ɗauke da shi. 'Yan lambobin da ake liƙa wa fitilun gaba don kada su kashe wa masu tahowa ido, tunda an saita su ne don tuƙin hagu. Alwatikar gargaɗi, da riguna masu ƙyalli a cikin mota inda hannu zai kai, ba a but ƙarƙashin kaya ba. Tambarin hayaƙi na Faransa, Crit'Air, wanda a lokacin bai kai Yuro biyar ba amma ta gidan waya yake zuwa, saboda hanyar ta ratsa Rouen. Kujerar yara ga ƙaramin da yayarsa mai shekara 9, don Sifaniya tsayi take dubawa, duk wanda bai wuce santimita 135 ba sai da ita kuma a baya. Abin da ya fi tsada a wannan rukuni shi ne inshorar janwe ta Turai, mai dawo da mota da mutanenta gida. Ya so ya tsallake ta. Uwargida ta tambaye shi da wane Faransanci zai yi ciniki da makaniki, ya biya.

Rigima ta gaske a kicin aka yi ta. Uwargida ta yi niyyar dambun nama bokiti guda, da soyayyun kaji, da madarar gari ta shayin Hajiya, don kowa ya san wahalar neman halal a bakin babban titi. Tun 1 ga Janairun 2021 ba a shiga Tarayyar Turai daga Birtaniya da nama ko madara ko abin da aka yi da su, ko da burodi ne da aka sa wa cuku. Yawancin ɗanyun 'ya'yan itace ma haka, sai 'yan kaɗan da aka keɓe, cikinsu akwai ayaba da dabino. Ana bincike? Ba kowace mota ba, mutane da yawa suna wucewa da nasu. Amma motar da ke da biza mai shiga ɗaya ba ta neman dalilin da za a ce ta koma gefe. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa jin tafiyar da aka hana mutum guzuri ba. Surukin bai ce uffan ba, 'yarta ce ta lallashe ta: "Umma, a can ma akwai mahauta Musulmi, Larabawa ne, za mu saya." Aka cinye dambun a daren Talata. Aka ɗauki garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, dabino, shinkafa da ƙaramar tukunyar lantarki, da abin sauya bakin soket.

Sun kwana kusa da Dover, sun bi M40 suka zagaya Landan ta kudu don kauce wa kuɗin gadar Dartford, wanda ba shi da shinge, ta intanet ake biya, mai mantuwa kuma tara ke biyo shi. Abin da bai kamata ya zo wa kowa ba zata ba shi ne iyakar Faransa a Dover take. Bisa yarjejeniyar Le Touquet ta 2003, 'yan sandan Faransa a ƙasar Ingila suke duba fasfo kafin a hau jirgi. Fasfo huɗu suka wuce da bugun hatimi kawai. A kan biyu aka tsaya: ina za ku, kwana nawa, ina tikitin dawowa. Ya miƙa jakar takardun da muka jera, tikitin Santander a sama. Minti biyar, in ji shi, amma ya ji su kamar awa.

A Calais agogo ya ƙaru da awa ɗaya, hanya ta koma dama. Wannan bai dame shi ba, a Kano ya koyi tuƙi, Najeriya kuwa dama take bi tun 1972. Abin da ya dame shi sitiyarin ne da ke dama, shi yana gefen kwalbati, ba ya ganin abin da ke gaban babbar mota. Tun a gida an yi ta fama da Hajiya ta zauna gaba saboda gwiwarta, ta ƙi, kunya ba za ta bar ta ta jera da suruki ba. Ashe alheri ne, don kujerar gaba aiki ce: mai ita ke miƙa hannu ya karɓi tikiti ya biya kuɗin titi, tunda injin a hagu yake, shi ne kuma idon direba wajen wuce mota. Uwargida ta yi wannan aikin har Irun.

Sun kwana a Le Mans, sannan a wajen Bordeaux, ba sa wuce kilomita 450 zuwa 500 a yini. Gudu a babban titin Faransa 130 ne, in ana ruwa 110, a Sifaniya 120, motarsa kuma mil take nunawa da manyan lambobi, sai da ya liƙa 'yar takarda a gaban sitiyari. Salla kasaru suke yi a wuraren hutawa na bakin titi, suna haɗa Azahar da La'asar, kuma daga Bordeaux zuwa kudu ba su kaɗai ke shimfiɗa darduma a ciyawa ba. Tsakanin Tours da Poitiers ya rage gudu yana ba yara labarin yaƙin shekarar 732, inda rundunar Abdurrahman Algafiƙi ta tsaya, iyakar inda mutanen Andalus suka kai ta wannan ɓangaren. Yaran barci suke yi.

A gidan mai na farko a Sifaniya, kusa da Burgos, ya kusa kashe tafiyar da hannunsa. Mu a gida dizal muke ce wa gas. Ya ga an rubuta gasolina, ya ɗauko, har ya sa a bakin tanki. Babbar 'yar ce, mai koyon Sifaniyanci a makaranta, ta ƙwala masa kira: "Abba, wannan fetur ne!" Dizal a can gasóleo ne, a Faransa gazole. Duk jerin abubuwan da muka rubuta a Birmingham babu wannan a ciki.

Kurɗuba ta karɓe su da zafin da ya haura digiri 40, a daidai lokacin da zazzafar iska ta rufe Sifaniya a farkon Agustan 2025. Hajiya kaɗai ce ba ta yi ƙorafi ba, ta ce wannan ai Afrilun Kano ne. Sun shiga babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, wanda ya zama coci tun 1236, ba a kuma yarda a yi salla a ciki. Maigidan ya san da haka tun kafin ya je, duk da haka ya ce da ya tsaya gaban mihrabin sai da ƙirjinsa ya yi nauyi. Juma'a a Granada suka yi ta, a masallacin unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, wanda farfajiyarsa ke kallon Alhambra. Motar kuwa tun da suka isa aka ajiye ta a masauki a wajen gari ba a sake taɓa ta ba, don titunan tsakiyar Granada da yawa na motocin haya da mazauna ne kawai, kyamara ke tsaron su, taswirar waya kuma ba kullum take faɗa ba.

A dawowa suka bi ta Jaén. Bai shiga garin ba, ya tsaya a gefen hanya ya kalli gonakin zaitun da suka rufe tuddai har iya ganin ido, ya karanto baiti biyu da ya tuna, suka wuce. Granada zuwa Santander ya kusa kilomita 900, suka raba shi biyu, suka kuma kwana na ƙarshe a wajen da bai fi rabin awa zuwa tashar jirgi ba, kamar yadda kwana 15 ɗin Hajiya suka tilasta. A nan 'yan sandan Sifaniya suka buga hatimin fita, rana ta goma sha huɗu.

A dogon jirgi da zarar an tashi ana rufe wurin motoci, ba mai komawa sai an isa. Mun rubuta wannan da jan biro, don haka maganin hawan jinin Hajiya da kayan kwana da darduma suna ƙaramar jaka daban. Takalmin ƙaramin ne aka manta, ya yi tafiyar da silifas ɗin yayarsa. Tekun Biskay ya yi suna wajen hauka, amma sun same shi da sauƙi, uwargida kaɗai ta kwanta da jiri. Alƙibla sai an duba waya a kowace salla, don jirgin na sauya fuska. Sai kuma cuku: uwargida ta sayo ƙato na tsaraba a Toledo, a jirgi ta ji sanarwar cewa tun Afrilun 2025 Birtaniya ita ma ta hana matafiya shigo da nama da kayan madara daga Tarayyar Turai saboda cutar dabbobi. Dokar da muka karanta ta fita ce, ba mu duba ta dawowa ba. Suka zauna da burodi suka ci iya cinsu. Man zaitun dai ya wuce lafiya.

Wanda zai bi wannan hanya yanzu zai tarar da wani sabon abu a Dover, don daga 12 ga Oktoban 2025 ƙasashen Shengen sun fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsa a madadin hatimi, ƙirgen kwanaki kuma kwamfuta ke yi. Fasfon Hajiya yana cikin na ƙarshe-ƙarshe da suka samu tawada, hatimi biyu, kowanne da ɗan zanen jirgin ruwa a kusurwa.

A Portsmouth jami'in shige da fice ya tambaye ta, ta bakin 'yarta, yaushe za ta koma Najeriya. Ta faɗa masa ranar. Da suka hau titi, maigidan ya koma hannun hagu, ta gyara zama a kujerar baya ta ce wa 'yarta, ba tare da ta kalli gaba ba: "Ki ce masa sannu da tuƙi. Ki kuma ce masa in za a sake, a nemo mini mai shiga biyu, ina son ganin Tanjar nan."